Tsirkiya Biyar: Yadda Na Sassaƙa Kantele da Hannuna

Ɗiyata ce ta fara shigo da kalmar gidanmu. Shekararta biyar a lokacin, tana zuwa gidan renon yara a nan Joensuu, gabashin ƙasar Finlan, inda karatun ilimin gandun daji ya kawo ni. Wata rana ta dawo tana ta jan yatsu a kan teburin cin abinci, ta ce, "Abba, yau mun kaɗa kantele." Na ce mene ne kuma kantele? Ta ware hannuwa ta nuna min tsawonsa, ta ce katako ne mai waya biyar, kuma in an taɓa shi ba ya yin shiru da wuri. A ranar ban riƙe maganarta ta ƙarshe ba. Sai da na shafe wata biyar ina fama da gungumen itace sannan ta dawo min.

A kusan kowane gari na ƙasar nan akwai makarantar yamma ta manya, suna ce mata kansalaisopisto. Kuɗinta ba yawa, kuma ana koyar da komai, daga harsuna zuwa saƙa da ɗinki. Ni harshen ƙasar na je koyo. Ina duba littafin darussan shekara sai na ci karo da ajin sassaƙa kantele mai tsirkiya biyar, sau ɗaya a mako, daga Oktoba zuwa ƙarshen Fabrairu. Na yi kwana uku ina juya abin a raina. A inda na tashi kiɗa gādo ne, yana da gidajensa da mutanensa, kuma gidanmu ba ya cikinsu. Ban taɓa riƙe ko gurmi ba. Amma sassaƙa na san ta da ido. A bayan gidanmu, a ƙauyenmu da ke kusa da Birnin Kudu, akwai masassaƙa masu yin turmi da akushi, kuma ina yaro nakan zauna ina kallon yadda gizago ke cin itace. Wannan ƙishin ne ya sa na rubuta sunana.

Mu tara ne a ajin. Yawancinsu dattawa ne da suka yi ritaya, sai mata biyu masu aikin renon yara da ke son su samu nasu na koyarwa. Malaminmu tsohon kafinta ne, ya haura saba'in. A nan kowa sunan yanka ake kiransa da shi, yaro ya kira sa'an kakansa kai tsaye, amma bakina ya ƙi. Na riƙa ce masa opettaja, wato malam, har ya saba yana amsawa.

Daren farko bai ba kowa ko zarto ba. Ya ɗora wani tsohon kantele a kan bencin aiki, ya ja tsirkiya ɗaya da ɗan yatsa, ya janye hannunsa. Muka tsaya. Sautin ya tashi siriri kamar ƙararrawa daga nesa, yana ɗan rawa, yana raguwa, amma ya ƙi mutuwa. Babu wanda ya yi tari. Sai da ya ɓace ƙurmus sannan malam ya ce, "To, abin da za mu ƙera ke nan."

Siffar abin ba ta da wuyar bayani. Itace ne guda, tsawonsa kamar kamu ɗaya da ɗan ƙari, nawa ya zo santimita 65. Gefe ɗaya siriri ne, ɗayan ya buɗe kamar fiffike, an yanke bakinsa a karkace don tsirkiyoyin su bambanta a tsawo. A siririn gefen akwai wani tudu da ake barin sa a jikin itacen, ponsi, wanda ke riƙe da ɗan sandan ƙarfe mai suna varras. A jikin ƙarfen nan ake ɗaure tsirkiyoyi. A gefen mai faɗi kuma akwai 'yan turaku biyar da ake murɗawa a ɗaure sauti ko a sassauta shi. Shi ke nan. Ba shi da wuya irin na garaya ko molo da za ka danne tsirkiya ka sauya murya, kuma ba shi da jaki a tsakiya da tsirkiya ke hawa. Kowace tsirkiya muryarta ɗaya.

Malam ya jera mana itatuwa iri uku da ya busar shekaru a rumfarsa: mänty, wanda shi ne itacen da ya cika dazuzzukan ƙasar, da haapa mai laushi, da leppä, wanda ke tsirowa a bakin ruwa kuma yake juyawa ja-ja in an yanke shi. A makaranta na san su da sunayen Latin da alƙaluman girma. Ranar nan ce farko da aka ce in ƙwanƙwasa su in saurara. Na ɗauki leppä saboda amonsa ya fi zauna min a kunne. Muka zana siffar da fensir daga wani kwali, muka yanke da zarto, mako biyu suka tafi a nan ba wani labari.

Aikin gaske shi ne rarake cikin. Tsofaffin kantele ba a haɗa su da gam daga falle-fallen katako, gungume ɗaya ake fafewa kamar yadda ake fafe ƙwarya. Malam ya ce a yankunan arewa daga ƙasa ake rarakewa a bar gindin a buɗe, teburin da aka ɗora shi a kai ya zame masa murfi. A kudu kuma, wajen tafkin Ladoga, daga sama ake rarakewa sannan a rufe da wani siririn katako. Mu salon arewa muka bi. Aka ba ni cizal mai lanƙwasasshen baki kamar cokali da gudumar katako, aka ce in bar bangon sama da kaurin milimita 5 ko kusa da haka, ko'ina daidai.

A faɗa da baki abu ne mai sauƙi. Mako shida na yi a kai. A watan Nuwamba da Disamba, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya rufe Joensuu, sai in fito daga ɗakin karatu in taka kan ƙanƙara zuwa wurin aikin, in tarar da ƙamshin ɓawon itace da na kofi. Ba a yawan magana. Ƙarar guduma tara kawai kake ji, kowa ya sunkuya a kan nasa. Ni da na saba da cewa inda mutum tara suka taru dole hira ta ɓarke, da farko shirun ya dame ni, na zaci ko baƙuntata ce ta jawo. Ashe haka suke aikinsu. Hirar tana da lokacinta, minti goma sha biyar na shan kofi a tsakiya, kuma a waɗannan mintuna ne na samu yawancin abin da na sani na tarihin abin da nake sassaƙawa.

Wata dattijuwa da ta yi aikin koyarwa ita ce ta fara ba ni labarin kifin. Ta tambaye ni ko na san da me aka yi kantele na farko. Na ce da itace mana. Ta ce a'a, da muƙamuƙin kifi. A cikin Kalevala, littafin waƙoƙin gargajiya da ƙasar ke tinƙaho da shi, akwai wani tsoho mai hikima, Väinämöinen, wanda ƙarfinsa a waƙa yake. Yana tafiya a jirgin ruwa da abokansa sai jirgin ya maƙale a gadon bayan wani ƙaton hauki, kifi mai dogon baki cike da haƙora. Ya kashe shi, aka dafa aka ci, ƙasusuwa suka rage. Daga muƙamuƙin ya ƙera kantele, haƙoran suka zama turaku, tsirkiyoyin kuma gashin dokin wani aljani. Kowa ya gwada kaɗawa, yara da manya, abin ya ƙi daɗi. Da tsohon ya ɗora shi a gwiwa ya taɓa, dabbobin daji da tsuntsaye da kifaye suka taru suna saurare, babu jarumin da bai zubar da hawaye ba. Shi kansa ya yi kuka, hawayensa suka gangara cikin teku, da agwagwar ruwa ta nutsa ta ɗebo su sai aka ga sun zama lu'ulu'u.

Wancan na ƙashin kifi ya faɗa ruwa a wata guguwa ya ɓace. Sai tsohon ya tarar da itacen koivu, mai farin ɓawo, yana kuka saboda yadda mutane ke saɓule masa fata suna karya masa rassa. Ya lallashe shi, ya sassaƙa kantele na biyu daga jikinsa, tsirkiyoyin kuma ya roƙo daga gashin kan wata budurwa da ke zaune tana jiran masoyinta. A ƙarshen littafin, lokacin da sabon zamani ya zo tsohon ya shiga jirginsa ya bar ƙasar, kantele da waƙoƙinsa ne ya bar wa mutanensa.

Tatsuniya ce ta zamanin da ba su karɓi addinin Kirista ba, kuma su ma a haka suke riƙe da ita. Tun 1551 Mikael Agricola, limamin da ya fara rubuta littattafai da harshensu, ya sa sunan Väinämöinen a jerin abubuwan bautar da ya ce mutanen da suka yi. Abin da ya ja hankalina shi ne gashin doki. Malam ya tabbatar min cewa wannan ɓangaren ba ƙage ba ne: kafin waya ta samu, da murɗaɗɗen gashin wutsiyar doki ake yin tsirkiyar kantele, daga baya aka koma tagulla, sannan baƙin ƙarfe. Na ce masa mu ma da tsagiya ake ɗaure goge. Ya ajiye kofinsa ya sa na maimaita kalmar sau uku, sannan ya gaya min cewa su ma suna da wani abin kiɗa da ake gogawa da baka, jouhikko, wanda sunansa ma daga kalmar gashin doki ya fito.

A mako na biyar na rarakewa na yi ɓarna. Ina so in gama kafin hutun ƙarshen shekara, sai na riƙa sara da ƙarfi, na tura cizal ta inda jijiyar itacen ke tahowa maimakon in bi ta. Wani dogon ɓalli ya tsage daga ciki. Da na ɗaga katakon a gaban fitila, sai na ga haske ja yana ratsowa ta wuri ɗaya, faɗin babban yatsa. Saura ƙiris ya huje. Gabana ya faɗi, don mako bakwai ke nan ina kan guntun nan. Sauri ya haifi nawa. Malam ya karɓa, ya shafa wurin da yatsa daga ciki da waje, bai ce uffan ba. Ya je kwandon shara ya tono guntun da na yanke daga itacen tun makon farko, ya fere wani siririn falle, ya daidaita jijiyarsa da ta wurin, ya manna da gam daga ciki ya matse. Abin da ya ce kawai shi ne, "Daga yau ajiye gudumar. Da hannu za ka ƙarasa." Haka na yi. Sauran aikin da tafin hannu na tura cizal, ina ɗebo ɓawo siriri kamar na albasa, ina tsayawa ina ƙwanƙwasawa. Amon katakon ya riƙa sauyawa mako bayan mako, daga bif na gungume zuwa wani abu mai kama da ƙaramar ganga. Facin yana nan har yau, in ka kifa kantelen za ka gan shi.

A hutun nan ne na ɗauko littattafai daga laburaren gari, don in san yadda abin kiɗan manoma da masunta ya zama tambarin ƙasa. Kantele ba na Finlan kaɗai ba ne. Yana da 'yan uwa a kewayen tekun Baltik: kannel a Istoniya, kokle a Latbiya, kanklės a Lituweniya, da gusli a arewa maso yammacin Rasha. Masana sun saɓa a kan shekarunsa, wasu na cewa dubu, wasu na kai shi dubu biyu ko fiye, don itace ba ya daɗewa a ƙasa. Abin da ya bambanta na Finlan shi ne siyasar ƙarni na 19. Ƙasar ta yi ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin Suwidin, a 1809 ta koma hannun Rasha. Harshen mulki da na boko Suwidanci ne, harshen talakawa kuwa ana ganin na ƙauye ne. Masu ilimin da ke son su nuna cewa su al'umma ce mai kanta suna neman abin da za su ɗaga su ce wannan namu ne.

Wanda ya kawo musu shi ɗan tela ne, Elias Lönnrot, da aka haifa a 1802 ya zama likitan gwamnati a Kajaani. Ya riƙa tafiya a ƙasa, da kwalekwale, da takalman zamiya a kan ƙanƙara, yana shiga ƙauyukan Kareliya, yankin da ke gabashin ƙasar, har ƙetaren iyakar Rasha, yana rubuta tsofaffin waƙoƙi daga bakin mawaƙa. A 1833, a ƙauyen Vuonninen, ya zauna da Ontrei Malinen, mawaƙi kuma makaɗin kantele mai tsirkiya biyar. Daga waɗannan waƙoƙi ya harhaɗa Kalevala, bugun farko a 1835, cikakken mai babi 50 a 1849. Ranar da ya sa hannu a gabatarwar bugun farko, 28 ga Fabrairu, ita ce har yau ake ɗaga tuta a matsayin ranar al'adun ƙasar. A 1840 ya fitar da wani kundin waƙoƙin da ya raɗa wa suna Kanteletar, daga sunan abin kiɗan. Waƙar farko a cikinsa ta tsaya min a rai, domin ƙaryata labarin kifin take yi. Cewa take masu faɗin haka ba su faɗi gaskiya ba, da baƙin ciki aka ƙera kantele, gangar jikinsa daga kwanakin wahala, tsirkiyoyinsa daga azaba.

Daga nan kantele ya hau zane-zane da gumaka da tambarin ƙungiyoyi. A gaban tsohon gidan ɗalibai da ke tsakiyar Helsinki akwai gunkin Väinämöinen riƙe da shi. Wata mata daga yankin Kaustinen, Kreeta Haapasalo, ta yi shekaru tana yawo da nata tana kaɗawa a birane, har Stockholm da Saint Petersburg, ta ciyar da iyalinta da shi. Amma ga abin da ya ba ni mamaki: a daidai lokacin da manyan birni ke yabon kantele a jawabai, a ƙauye yana mutuwa. Goge irin na Turai da akodiyon, wanda ake ja ana matsawa kamar zugazugi, sun fi shi ƙara, sun fi dacewa da rawar biki, samari suka koma musu. Shi kuma kantelen da ya rage sai ya riƙa girma don ya iya ɗaukar waƙoƙin coci da na zamani. Aka daina fafe gungume, aka koma haɗa akwati da falle-fallen katako, tsirkiya ta kai 20, ta kai 30. A shekarun 1920 Paul Salminen ya ƙera na dandali mai maɓallan sauya sauti, irin wanda a yau ke da tsirkiya kusan 40. Ɗan ƙaramin mai biyar ya rage a hannun tsofaffi ƙalilan a lungunan Kareliya. Wani masani, A. O. Väisänen, ya bi su a shekarun 1910 ya rubuta kiɗansu ya ɗauki hotunansu, ya buga a 1928. Sannan yaƙin duniya na biyu ya zo, Finlan ta rasa babban yanki na Kareliya, mutum kusan 400,000 suka taso suka bar gidajensu. Dattijuwar nan ta ajinmu, mahaifiyarta tana cikinsu.

Ni a ganina, da an bar kantele a hannun masu jawabi da masu gumaka, da yanzu sai a gidan tarihi za a gan shi. Waɗanda suka cece shi su ne waɗanda suka mayar da shi hannun mutane. Martti Pokela ya ɗauko ƙaramin tun shekarun 1950 ya nuna cewa ana iya yin sabon kiɗa da shi, daga baya ya koyar a makarantar kiɗa ta Sibelius, wadda ta buɗe sashen kiɗan gargajiya a 1983. A shekarun 1980 kuma cibiyar kiɗan gargajiya ta Kaustinen ta jagoranci wani yunƙuri na kai kantele mai tsirkiya biyar makarantun yara a faɗin ƙasar. Dalilin mai sauƙi ne: yana da araha, ba ya da nauyi, kuma yaro ɗan shekara huɗu zai fitar da sauti mai daɗi daga gare shi a ranar farko. Ta wannan hanya ce ya bi har ya iso teburin cin abincin wani Bahaushe a Joensuu.

A Janairu muka koma. Aka goge jiki da takarda mai kaushi, daga mai tsauri zuwa mai laushi, aka huda ramukan turaku. Ramin ba miƙaƙƙe ba ne, yana tsukewa a hankali, kuma turken dole ya bi wannan tsukewar daidai, in ba haka ba ko dai ya zame ko ya tsaga katakon. Malam ya ce wanda ke son sauƙi ya sa na ƙarfe da ake murɗawa da makulli. Na zaɓi na itace, na fere bakwai kafin biyar su zauna. Aka shafa mai da kakin zuma, leppä ya yi ja kamar zumar da ta kwana biyu.

Ɗaurin tsirkiya shi ne inda na fahimci maganar ɗiyata. Wayar ƙarfe ce da kaurinta bai kai rabin milimita ba. Ana zagaya ta a jikin varras, a naɗe bakinta a jikin kanta ya zama ƙulli, sannan a ja ɗaya bakin zuwa turke. Na tambayi malam me ya sa ba a sa jaki kamar sauran kayan kiɗa. Ya ce a nan sirrin yake. Tunda ƙulli ne kawai ke riƙe da ita, idan tsirkiyar tana kaɗawa ta wata fuska tsawonta daga ƙullin yake farawa, idan tana kaɗawa ta ɗaya fuskar kuma daga jikin ƙarfen yake farawa. Bambancin bai taka kara ya karya ba, amma ya isa ya sa tsirkiya ɗaya ta fitar da murya biyu masu kusan zama ɗaya, suna gogar juna. Wannan ne ɗan rawar da na ji a daren farko. Kuma da yake babu jakin da zai shanye ƙarfinta da sauri, sai ta daɗe tana amo. Ta farko da na ɗaura na murɗa ta fiye da kima, ta tsinke ta tsarge ni a bayan hannu. Ta biyu ta zauna.

Ana daidaita su a jere kamar matakala, a haruffan da Turawa ke kiran muryoyin kiɗa da su: D, E, F mai ɗagowa, G, A. In ka sassauta ta tsakiya kaɗan, rabin mataki, sai kiɗan gaba ɗaya ya juya daga fara'a zuwa jimami. Murya biyar ɗin nan ba a banza aka tsaya a kansu ba, yawancin tsofaffin waƙoƙin da Lönnrot ya rubuta a cikin wannan tazara ake rera su, kowane layi gaɓa takwas. Ranar da biyar ɗin suka hau, na ɗora shi a kan benci na ja ta farko. Ba zan ɓoye ba, idona ya kawo ruwa. Itacen da na kusan hudawa ne yake magana.

Makonni uku na ƙarshe na koyon kaɗawa ne, ɗaya daga cikin matan nan masu renon yara ta karɓi ajin. Hanya biyu ta nuna mana. Ta farko ita ake koya wa yara: ka sa yatsun hagu ka toshe wasu tsirkiyoyi, ka share dukkansu da yatsan dama. Toshe ta biyu da ta huɗu, sauran ukun su ba ka amo ɗaya. Toshe ta farko da ta uku, ka samu wani. Da waɗannan biyun kaɗai za ka raka waƙoƙin yara da dama, kuma cikin minti goma kowa ya iya. Ta biyun ita ce tsohuwar. Hannu biyu suna shiga juna, kowane yatsa da tsirkiyarsa, ba ya taɓa ta wani, kuma ba a toshe komai. Kana jan wannan waccan tana ci gaba da amo, sautuka suna hawa kan juna har su zama kamar ruwan da ke gudu a kan duwatsu.

A nan na sha wuya, kuma ba a yatsu matsalar take ba. Kunnena ya tashi da kalangu da ganga, inda kiɗa ke tura ka gaba, ana yi don taro, don a taka, don a wasa wani. Sai na riƙa cika kowane gurbi da bugu, ina tsoron shiru. Matar ta dafa tsirkiyoyina ta ce, "Ba ka barin su su gama maganarsu." Ta gaya mana cewa tsofaffin Kareliya da Väisänen ya tarar ba don jama'a suke kaɗawa ba. Mutum zai dawo daga aiki da yamma ya zauna a kan benci, ya ɗora kantele a gwiwa, ya kama 'yar gajeriyar karin murya yana juya ta, yana sauya ta kaɗan-kaɗan, sa'a ɗaya, sa'a biyu, idonsa a buɗe amma ba ya ganin kowa a ɗakin. Suna kiran wannan soittaa omaa mahtia, wato mutum ya kaɗa abin da ke cikin ikonsa, nasa na kansa, ba waƙar da ya haddace ba. Ban taɓa sanin akwai kiɗan da ba ya neman mai saurare ba. Na girma ina ganin makaɗi mutum ne da ke fuskantar jama'a. Wannan kuwa kansa a sunkuye yake.

Muka rufe ajin a makon 28 ga Fabrairu, tutoci na kaɗawa a gari. Aka jera kantele tara a kan benci, babu biyu masu murya iri ɗaya, muka kaɗa tare sau ɗaya, aka sha kofi, kowa ya naɗe nasa a tsumma ya fita cikin sanyi.

A gida ɗiyata ta karɓe shi kamar dama nata ne, ita ce ma ta gyara min zaman yatsu. Na ɗauki sautin a waya na aika wa mahaifiyata ta WhatsApp, ina ɗar-ɗar da abin da za ta ce game da ɗanta da kayan kiɗa. Ta saurara ta aiko da murya: "Wannan ai na lallashin jariri ne. Kai ka sassaƙa da kanka? Allah ya yi albarka." Na ce amin, Inna.

Iskar ɗaki a lokacin sanyi busasshiya ce ƙwarai, turakun itace sukan saki, don haka kusan kullum sai na sake daidaita shi kafin in fara. Yanzu nakan yi hakan bayan sallar isha'i, in yara sun kwanta. Ina zama a kicin in ɗora shi a kan tebur, in sassauta ta tsakiya, in kama murya uku ko huɗu ina juyawa. Ban kai sa'a biyu irin ta tsofaffin Kareliya ba, amma na kai inda nake jan tsirkiya in jira ta. Da bazara malam ya kira ni ya ba ni wani gungumen haapa da ya ce sai ya ƙara shekara ɗaya yana bushewa, da ƙunshin gashin doki daga wata gona a hanyar Ilomantsi. Gungumen yana saman kabad, na rubuta kwanan wata a jikinsa da fensir. Gashin kuma na fara koyon murɗa shi, sili ashirin-ashirin, yana ta warwarewa ina sakewa.